Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin manyan makarantun Jihar Katsina: a rubuta kafin a kunna walda

Zuwa ga shugabannin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, Jami'ar Al-Ƙalam, Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da takwararta ta tarayya da ke Daura, tare da majalisun gudanarwarsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da ban girma, ranku ya daɗe. Ni mai walda ne. Na yi difloma a fannin ƙere-ƙere, na gaji da yawon neman aikin gwamnati, na buɗe gareji a nan cikin Katsina, kuma da shi nake riƙe iyalina har yau. Injin sussuka, injin markaɗe, injin matsar gyaɗa, su ne abincina. Idan lokacin furojet ya kama, rabin abin da ke jibge a tsakar garejin na ɗalibai ne da malamansu. Su zo da zane a takarda, mu mayar da shi ƙarfe. Don haka in na yi magana a kan wa ke mallakar abin da bincike ya haifar, kada a ce wani ɗan gari ne ke tsoma baki a harkar da ba tasa ba. Na daɗe a cikin binciken nan, sunana ne dai ba ya fitowa a takarda.

Shekarun baya wani malami daga wata jami'a, ba ma a jihar nan take ba, kuma ba zan kama suna ba, ya kawo mini zanen injin ɓarar 'ya'yan bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya. Sun samu tallafi tare da wasu Turawa abokan aikinsu, ana so a hutar da mata masu tatsar man bedi daga dakan turmi. A takarda zanen ya yi kyau. Da muka haɗa injin muka zuba masa 'ya'yan, sai ya riƙa niƙe ƙwaya da ɓawo gaba ɗaya, abin da ke zubowa ta ƙasa kamar dussa. Malam ya ce a matse tazara. Muka matse, abu ya ƙara dagulewa. Ya koma makaranta ya bar mini ɗalibinsa, wani yaro mai haƙuri, wanda ya kusa wata biyu yana cin ɗanwake kwano ɗaya da yaran shagona. Ni na ce a cire haƙoran ƙarfen nan a naɗe gangar da robar tsohuwar taya, don roba murza take yi, ba ta sara. Yaron ne ya gano gudun ya yi yawa, ya zauna a kan wani tsohon bokitin fenti da kalkuleta ya fitar da girman fulin da ya dace. Ranar da ƙwaya ta fara zubowa fes, ɓawo na fita ta gefe, a nan kan ƙasar garejin mai baƙin mai ya faɗi ya yi sujada.

An biya ni kuɗin ƙarfe da ladan aiki, ban ce an riƙe mini kwabo ba. Bayan 'yan watanni malam ya je taro ya gabatar da takarda, aka buga ta a mujalla da zanen gangar, da awonta, har da dabarar robar taya. Sunaye huɗu ne a sama: nasa, na shugaban sashensu, da na Turawa biyu. Yaron an gode masa a layin ƙarshe. Ni kuwa aka ce da taimakon wani maƙerin cikin gari. Ba a rufa shekara ba na ga irin injin a kasuwa, wani ya ƙera, ya shafa masa koren fenti, ya rubuta sunan shagonsa a jiki.

Na hau dokin zuciya na nufi ofishin lauya da niyyar in ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai na tarar ashe babu gardin ma. Jami'ar ba ta samu komai ba. Malamin bai samu komai ba in ban da makin ƙarin girma. Matan da aka yi abin dominsu kuwa, ban ji wanda ya kai musu ko guda ba. Kowa ya yi asara, kuma ba don wani mugu ne a cikinmu ba. Takarda ce guda ba a rubuta ba tun ranar farko.

Lauyan nan ya zaunar da ni ya buɗe mini Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zane ta 1970, wadda har yanzu da ita ake aiki a ƙasar nan. Tun daga ranar nake bibiyar maganar, kuma ku yi mini afuwa in na maimaita muku abin da kuka fi ni sani, don waɗanda za su karanta wasiƙar nan ba duka ne farfesoshi ba.

Dokar ta ce shaidar mallaka, wato takardar da gwamnati ke bayarwa don kada wani ya kwaikwayi ƙirƙira ba da izini ba, ta wanda ya riga shigar da takarda ce, ba ta wanda ya riga tunani ba. Ta ce dole abin ya zama sabo, wato ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba ko'ina a duniya, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi. Ke nan ranar da malam ya haska zanen a zauren taro, ranar ya yanka kazar da kansa. Ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, abin da aka ƙirƙira a cikin aikin kwangila kuma na wanda ya ba da aikin ne, sai dai ta tanadi a yi wa ma'aikacin sakayya ta adalci a wasu halaye. Ta kuma ce wanda ya yi ƙirƙirar da gaske yana da haƙƙin a ambaci sunansa, kuma babu yarjejeniyar da za ta ƙwace masa wannan, amma wanda hannu kawai ya sa bai kawo wata dabara ba, ba ya cikin masu ƙirƙira. Duk wannan yana sashe na 1 da na 2. To ni, robar taya dabara ce ko sa hannu? Yaron fa, da ba ma'aikacin jami'a ba ne, kuɗin makaranta ma yake biya, lissafin fulinsa na wane ne? Lauya ya ce da an rubuta da an huta.

Na san abin da wasu malamai za su ce, don an faɗa mini ido da ido: ilimi ba hajar kasuwa ba ne, mu don Allah muke yi. Garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani ne nan, ba za a koya mana darajar ilimi ba, kuma duk mun san hadisin linzamin wuta ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Amma a duba da kyau. Mai neman shaidar mallaka sharaɗi ne a kansa ya bayyana dabararsa dalla-dalla yadda wani gwani zai iya karantawa ya ƙera. A maimakon haka a kare shi shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda, bayan nan abin ya zama na kowa. Mai ɓoye ilimi na gaske shi ne tsohon da ya san haɗin magani ya ƙi faɗa wa ko ɗansa don tsoron a cuce shi, har ya tafi da shi kabari. Kuma Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da alamar kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare. Balle ma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka. Mu ne dai kunya ta yi mana yawa. Ka ce da farfesa a rubuta, sai a ce ba ka yarda da shi ba.

Ga roƙona na farko, kuma shi ne babba. Duk binciken haɗin gwiwa, da wata jami'a ne, da kamfani ne, da ƙungiyar waje ne, ko da irina ne, kada a saki kwabo sai an sa hannu a kan abu uku: me kowa ya zo da shi daga gida, abin da za a haifa a cikin aikin na wane ne, kuma wa ke da wuƙa da nama idan an zo sayarwa. Mutumin karkara ya riga mu sanin wannan. In ka ba Bafulatani kiwon saniya, an san uwar taka ce, tun ranar ake gama maganar nono da ta maruƙa, ba a bari sai ta haihu. Takardar fahimtar juna da ake sa wa hannu a gaban masu hoto, ana musabaha ana murmushi, ba ta isa ba, don galibi ba ta cewa komai a kan maruƙan.

Maganar a ce na kowa da kowa ne, mallakar haɗin gwiwa, tana da daɗin ji amma tarko ce in ba a fayyace ba. A Amurka kowane ɗaya daga masu mallakar yana iya ba wani lasisi ba tare da ya tambayi ɗan'uwansa ba. A Ingila sai da yardar sauran. Kalma ɗaya, hukunci biyu. Idan abokin bincikenku na can ne, kun san dokar wace ƙasa za ta yi aiki ranar da rai ya ɓaci? A naɗa ɓangare ɗaya ya riƙe ragama, a rubuta yadda zai ba sauran kasonsu, a rubuta wa zai biya kuɗin rajista da na sabuntawa duk shekara, don shaidar da aka daina biya wa kuɗi mutuwa take yi.

Kuma a tuna muna bakin iyaka. Shaidar da aka karɓo daga Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja, ƙarfinta yana ƙarewa a Jibiya da Kwangwalam. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, rajistarsu daban. Injin da aka ƙera a Katsina da safe yana iya kwana a Maraɗi, wanda aka kai kasuwar Mai'aduwa kuwa ba a tambayarsa fasfo. Wanda ya shigar da takarda a nan yana da wata 12 ya shigar a wata ƙasa a lissafa masa da kwanan watan farko, kuma Najeriya tana cikin yarjejeniyar PCT ta neman kariya a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya tun 2005. Ba kowane abu ne ya cancanci wannan kashe kuɗi ba, yawanci ma bai cancanta ba, amma ya zama akwai wanda ya zauna ya yanke shawarar da saninsa kafin wa'adi ya wuce.

Na biyu, a daidaita gaggawar malami da bukatar kariya. Ba laifinsa ba ne. Ku kuka ce ba ƙarin girma sai da bugu a mujalla, to don me zai jira? A ba shi fom mai shafi ɗaya ko biyu ya sanar da makaranta abin da ya gano, makaranta kuma ta ɗaure kanta da wa'adi, a ce wata biyu: ko ta shigar da takarda, ko ta sakar masa abinsa ya yi yadda ya so. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a hana shi bugawa sannan fayil ya kwanta a ofis shekara guda. Hukumar bunƙasa fasaha ta ƙasa, NOTAP, tun 2006 take buɗe ofisoshin kula da haƙƙin fasaha a manyan makarantu, kuma tana taimaka wa masu bincike da rajista. Wanda ke da irin wannan ofis a cikinku, ina roƙon ya leƙa ya ga wa ke zaune a ciki.

Don a nan ne nake da ƙorafi na musamman. Ofishin nan aikin dillali ne, kuma ba na faɗin haka da raini. Dillalin ƙwarai ya san haja, ya san mai saye, ya san farashi, a ƙafa yake yini. Idan aka ajiye wanda bai taɓa shiga kamfanin gurzar auduga a Funtuwa ba, bai san masu sarin hatsi na Dandume ba, bai san nawa manomi zai iya cirewa bayan kaka ba, to sai dai a tara takardu a gilashi. Shaidar mallaka a ƙasar nan ma, magatakarda ba ya binciken ko abin sabo ne. Cikar takardu yake dubawa, doka da kanta ta ce ana bayar da ita ne ba tare da lamunin ingancinta ba. Saboda haka idan na ji ana shelar makaranta kaza ta samu shaida goma, tambayata ita ce guda nawa wani ya biya kuɗi don ya ƙera. Takardar da ke rataye a bango ba ta sussuke ko dami ɗaya.

Ku dubi buhun nan mai ciki uku na ajiyar wake, PICS. Binciken Jami'ar Purdue ne ta Amurka tare da masana a arewacin Kamaru tun wajen ƙarshen shekarun 1980. Dabarar ba ta da wani sirri: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare ƙwari su mutu ba tare da an zuba guba ba. Abin da ya kai shi ƙauye shi ne an riƙe sunan a matsayin alamar kasuwanci, an ba masana'antu lasisi, har da wata a Kano, an kuma bi ƙauyuka daga 2007 ana ɗaure waken manoma a gabansu a dawo bayan watanni a kwance kowa ya gani. Ko waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019, tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da masana daga Ostareliya. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan irin da aka sauya wa halitta, abu ɗaya a fili yake: ƙwayar halittar mallakar wani kamfanin waje ce, kuma sai da aka gama maganar cewa ba za a biya ladan mallaka a kanta ba kafin iri ya iso hannun manomi. Tun ran gini aka yi zane. Yanzu kuma akwai Dokar Kare Nau'in Tsirrai ta 2021, wadda ta toshe giɓin da dokar 1970 ta bari, don ita ba ta ba da shaida a kan irin shuka. Masu binciken gero da dawa su sani.

Na uku ya shafi mutanen da ba su da ofis. Duk shekara ɗaliban ilimin sinadarai da na tsirrai suna bin 'yan magori da ungozomomi da masu sassaƙe suna tambaya: wannan saiwar me take yi, da me ake haɗa ta? Tsohuwa ta faɗa don kara, a ba ta na goro, shi ke nan. Alhali akwai misali a gida. Maganin sikila na Niprisan da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa a zamanin Farfesa Charles Wambebe, daga wurin wani mai maganin gargajiya aka samo shi, Rabaran Paul Ogunyale, haɗin masoro da kanumfari da karan dafi da wani icce. An yi yarjejeniya da shi, kuma sunansa yana cikin masu ƙirƙira a shaidar da aka samu a Amurka a 1998. Wannan ɓangaren abin koyi ne. Ɗaya ɓangaren kuwa wa'azi ne: aka damƙa wa kamfani ɗaya tilo lasisi a 2002, kamfanin ya durƙushe a 2008, magani ya yanke, masu ciwo suka rasa. Duk lasisin da za ku bayar, a rubuta cewa in an kai lokaci kaza ba a fitar da kaya ba, ko jari ya karye, abu ya dawo gida.

Bedin nan ma da nake magana a kai ya taɓa shiga kotu. A 1994 aka ba wani kamfanin Amurka da ma'aikatar gonar ƙasar shaidar mallaka a Turai a kan maganin cutar shuka daga man bedi. Indiyawa suka tashi suka kawo hujjar cewa sun daɗe suna amfani da shi, aka soke a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Sun ci nasara ne don sun iya nuna hujja. A watan Mayun 2024 kuma ƙasashe suka amince da wata yarjejeniya a Janeba wadda ta ce mai neman shaida ya faɗi inda ya samo tsiron da al'ummar da ta ba shi ilimin. Idan samfurin saiwa zai fita daga Batsari ko Ɓaure zuwa wani ɗakin gwaji a Turai, ya fita da takarda mai cewa daga ina yake, wa ya nuna shi, me aka yarda a yi da shi.

Kason kuɗi kuwa a faɗe shi da lamba. Kada a ce za a duba. Dokar Bayh-Dole ta 1980 a Amurka ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, amma ta wajabta musu raba riba da masu ƙirƙirar. Jami'ar Stanford ta yi shekaru a baya tana cire kashi 15 cikin 100 don ofis, sauran a raba uku: mai ƙirƙira, sashensa, tsangayarsa. Ban ce ku kwafa ba. Ku zaɓi naku, ku buga shi da Turanci da Hausa, ku liƙa a allon sanarwa, ɗalibi ya san matsayinsa tun ranar rajista, ba ranar da ya zo karɓar sakamako a miƙa masa takarda a ce sa hannu ba. Kuma kada majalisar gudanarwa ta ɗauka rijiyar kuɗi aka haƙa. Ko a can, jami'o'i ƙalilan ne ke samun abin a zo a gani daga lasisi. Wani binciken ma, kamar na randa cikin randa mai sanyaya kayan miya da marigayi Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa, ribarsa ita ce ya bazu, kowane maginin tukwane ya kwaikwaya. In makaranta ta ga sakin abu kyauta ya fi, ta sake shi, amma da niyya, da sunayen masu shi a jiki.

Tun da makarantun nan shida ba kowace ce za ta iya ɗaukar lauya masanin wannan fanni da dillali nata na kanta ba, me zai hana ku haɗa kuɗi ku riƙe guda tare? Ku kuma yi takardar yarjejeniya iri ɗaya, gajera, wadda mai walda ko shugabar ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli za su iya karantawa ba tare da tafinta ba.

Makon jiya wani ɗalibi ya shigo garejina da zanen na'urar busar da tumatir. Na duba na ga inda iska za ta maƙale, kuma na san gyaran. Na ce masa ya koma ya ce da malaminsa a rubuto mana layi biyar, wa ke da me. Ya tsaya yana kallona kamar na zage shi, ya ce shi dai so yake ya gama ya tafi bautar ƙasa. Na tausaya masa, na ce ya bar zanen. Yana nan a durowata, ƙarfen ma na yanka, ban dai kunna walda ba tukuna.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taya ku riƙo.

Naku,
Wani mai walda,
Katsina.